Ƙararrawar Keke a Teburin Kafe

Jiya ɗaya daga cikinku ya tambaye ni ramukan nan da ke gefen kowane tebur, wai ko gara ce ta ci katakon. Ba gara ba ce, ƙusa ce. Tunda kuma na ji kuna cewa sana'ar kafe, wato shagon intanet, ba komai ba ce illa mutum ya zauna ƙarƙashin fanka yana danne-danne, to ku gyara zama in ba ku labarin ramukan, sai ku auna da kanku.

Ni da tafireta na fara, a gindin wata bishiyar bedi kusa da ofisoshin gwamnati. Lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, sai takarda ta yi daraja a Katsina. Wannan yana neman aiki, wancan yana neman kwangila, wani ƙungiya ya kafa yana son a buga masa tsarin mulkinta. Muna cikin cin kasuwa sai aka fara ce mana aikinmu bai yi tsaf ba, na kwamfuta ake so. Da na ga ruwa yana neman ƙare wa ɗan kada, sai na naɗe tafiretata na tafi koyon aiki wurin Oga Bitrus, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna da ya ajiye aikin gwamnati ya buɗe wannan shagon a Ƙofar Marusa. Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, amma na koma yaron shago.

Aikina na farko shara ne da goge-goge. Na daɗe ban taɓa kwamfuta ba sai dai in lulluɓe ta da zane in an tashi. Daga nan aka ba ni janareta. Na koyi wanke fulogi, na koyi sauraron kukansa, don kafin ya mutu yakan yi wani tari, kuma a cikin tarin nan ne za ka ruga ka ce kowa ya adana aikinsa. Oga yakan ce wanda bai iya kashe kwamfuta ba bai isa ya kunna ta ba. Ba shi da yawan faɗa, amma yana da doka guda da ba ya wasa da ita. In ka ɓata abu ka zo ka faɗa nan take, zai ce maka ya gode, ku zauna ku gyara. In kuwa ka ɓoye ya gano da kansa, ranar za ka san ruwa ba sa'an kwando ba ne. A lokacin na ɗauka halinsa ne kawai, ban san sana'ar yake koya mini ba.

Intanet ta fara zo mana ne ta layin tarho. In za ta haɗu sai ta yi ta ƙara kamar ana jan kwano a siminti, shafi guda kuwa kana iya zuwa ka yi alwala ka dawo bai gama sauka ba. Daga baya muka kafa farantin kama intanet a kan rufi, abu ya ɗan yi sauri. Da tsufa ya kama Oga ya koma garinsu, ni ya bar wa shagon. Na ga mutane iri-iri a kan kujerun nan. Ma'aikaci zai buɗe akwatin saƙo yau, gobe ya dawo ya manta lambar sirrinsa, ya kuma rantse ni na canza ta. Akwai alhajin da yakan yi wa kwamfuta sallama kafin ya zauna, ban taɓa hana shi ba. Amma Alhamis da Juma'a da yamma, da yake babu Islamiyya, shagon na yara ne.

A nan sana'ar take, ba a danne-danne ba. Yawancin masu kafe na wancan lokaci sukan yanka wa kowace kwamfuta ɗan lungu da falanki, sannan su rataye dorina a bango. Yaron da aka kama yana kallon abin da bai dace ba a zane shi a kore shi. Na leƙa shagunan abokaina na ga abin da dorinar take haifarwa. Ba ta hana yaro kallo, saurin yatsa take koya masa. Kafin ka ƙaraso ya rufe shafin, ya buɗe na ƙwallo, yana kallonka da ido kamar na waliyyi. Ni sai na cire falankin nan gaba ɗaya, na juya fuskokin kwamfutocin suna kallon tsakiyar ɗaki. Wasu manya suka ji haushi suka daina zuwa, na ce Allah raka taki gona.

Ƙararrawa kuwa ba don tarbiyya na kawo ta ba. Ƙarar janareta ce take hana ni jin kira, sai na sayi ƙararrawar keke a wurin mai gyaran keken da ke maƙwabtaka da mu, na kafe ɗaya a gefen kowane tebur. Wanda kwamfutarsa ta sanƙare sai ya kaɗa in zo.

Wata Alhamis wani yaro mai suna Bishir, ɗan Alhaji Lawal mai hatsi a Babbar Kasuwa, ya kaɗa tasa. Ba zai wuce shekara sha ɗaya ba. Na zo na tarar yana neman hoton motoci wani mummunan hoto ya faɗo masa, ya danna ya danna ya ƙi rufuwa. Ina isa ya ɗora hannu biyu a ka yana jiran ranƙwashi. Tausayinsa ya kama ni. Na rufe abin, na nuna masa inda ake rufe irinsa, sannan na ɗaga murya yadda sauran yaran za su ji.

Na ce, "Bishir ya ga abin da bai gane ba ya kira ni. Haka ake yi. Ka kyauta, na ƙara maka lokaci."

Ya sauke hannu a hankali yana dubana, ya ce, "Baba, ba za ka hwaɗa ma Alhaji ba?"

Na ce, "Zan hwaɗa mashi yana da ɗa mai hankali."

Daga ranar ƙararrawa ta samu sabon aiki. Na gaya wa yaran duk wanda ya ga abin da ya ɗaure masa kai ya kaɗa. Ko hoto ne, ko wani ne bai sani ba yake tambayarsa sunan unguwarsu, ko saƙo ne aka ce ya ci kyauta. Ni kuma na ɗaukar wa kaina alkawari, duk wanda ya kaɗa ba zan tambaye shi me ya kai shi can ba. Kalmata ta farko ita ce ka kyauta. Gyara da nasiha suna nan, amma sai bayan yaro ya huce. Kada ku ɗauka wannan abu ne mai sauƙi. Akwai ranar da za ka zo ka ga abin da zai sa jininka ya hau, ka kuma san sarai yaron nan da ƙafarsa ya je, amma dole ka haɗiye ka yaba masa kan kiran da ya yi. Koyon janareta ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Yaran Katsina kuwa ba a bar su a baya wajen wayo ba. Da suka gane ana samun ƙarin lokaci, sai shagon ya koma kamar tashar 'yan keke. Bishir shi ne sarkinsu. Ya taɓa kira na don tallan katifa, wai bai yarda da yadda mutumin cikin hoton yake kallonsa ba. Na san dabara ce, amma na ce ya kyauta, sai dai ƙarin ranar bai taka kara ya karya ba. Mai gyaran keke ya ce yaran nan sun mai da ni saniyar tatsa. Na ce masa na ji, amma na gwammace a kira ni a banza sau tari da a yi shiru ranar da ta kamata. Hannu ne nake so ya saba da hanyar ƙararrawa.

Bishir yakan zo da ƙanwarsa Asma'u, ana ce mata Ma'u, su raba kujera ɗaya. Yarinya ce mai shiru, mai son karanta labarin dabbobi. Ita ba ta kaɗawa a banza. Ranar da ta fara kaɗawa wani ne a shafin wasa ya tambaye ta sunan makarantarsu da lokacin da ake tashi. Ba ta amsa masa ba, ta kira ni. Na tara yaran na nuna musu, na ce ku ga yadda Ma'u ta yi, baƙo ya tambayi hanyar gida ta ce bari in kira babba. Ta sunkuyar da kai tana murmushi, kunya da jin daɗi sun haɗu mata.

Sai muguwar shekara ta zo. Da damina tsawa ta faɗa kan farantin, ta bi waya ta ƙone mini kwamfutoci fiye da rabi. Na yi ta faɗi-tashi na gyara abin da zai gyaru, ina buɗewa sai na tarar kasuwar ma ta tashi. Wayoyin hannu masu intanet sun cika gari, abin da mutum yake zuwa nema wurina yanzu yana aljihunsa. Abokan sana'a da yawa suka rufe, wani ya koma sayar da kati, wani ya koma gona. Ni na tsaya a kan buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, da su na rayu. Ƙararrawoyin nan kuwa suka yi tsatsa, na kwance su ɗaya bayan ɗaya ina ba yaran unguwa masu keke, sai ta teburin ƙarshe kawai na bari. Abin da ya fi rashin ciniki damuna shi ne yaran. A da suna gabana, fuskar kwamfuta tana kallon ɗaki. Yanzu kowa yana ƙuryar ɗakin uwarsa da waya a tafin hannu, ba mai gani, ba abin kaɗawa.

Wata rana da hantsi ina cire takarda da ta maƙale a firinta, na ba ƙofa baya, sai na ji ƙarar ƙararrawa. Na daɗe ban ji ta ba har sai da gabana ya faɗi. Na juya na ga budurwa cikin hijabin makaranta a tsaye a teburin ƙarshe, kwamfutar ma a kashe take. Sai da na duba da kyau na gane Ma'u ce, ta kai aji na kusa da ƙarshe a sakandare. Idonta ya kumbura, hannunta na kan ƙararrawar bai sauka ba.

Na jawo benci bakin ƙofa inda kowa ke ganinmu amma ba mai jinmu, na ce ta zauna. Ta miƙo mini waya. Wata ce ta yi ƙawance da ita a dandalin hira, ta ce ita ma ɗaliba ce, suka yi watanni suna zumunci. Ranar da aka yi wa Ma'u kitso ƙawar ta ce ta turo ta gani, ta tura hoto ba ɗankwali, irin wanda 'yan mata ke yi tsakaninsu. Ashe ƙato ne. Yanzu ya ce ko ta turo wasu hotunan yadda yake so, ko ya haɗa wannan da na batsa ya watsa, ya kuma fara da tura wa babanta. Har sunan rumfar Alhaji ya rubuto, don a cikin hira ta taɓa gaya masa.

Tambayar nan ta zo mini har kan harshe, me ya kai ki. Na danne ta. Na ce, "Ma'u, kin kyauta da kika zo. Kin yi daidai."

Sai ta fashe da kuka. Da ta lafa ta ce, "Baba, kwana nawa ban yi barci ba. In Alhaji ya ji, makaranta ta ƙare mani. Dama cewa ya yi wayar nan ba alheri ba ce, Hajiya ce ta roƙa mani."

Aikin hannu ba wuya. Na ce kada ta ƙara amsa masa, kada kuma ta goge komai. Muka ɗauki hoton saƙonnin duka na buga su a takarda, muka canza lambar sirri, muka rufe shafinta daga baƙi. Aikin da ke da wuya yana Babbar Kasuwa. Na gaya mata gaskiya cewa wannan magana ta fi ƙarfin ni da ita, dole iyayenta su sani, amma ni zan fara zuwa. Ta gyaɗa kai.

Bayan la'asar na sami Alhaji Lawal a rumfarsa tsakanin buhunan gero da wake. Mutum ne mai gaskiya da kyauta, amma zuciyarsa a kusa take. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da zafi, har gaisuwa ta ƙare ban sami bakin zaren ba. Daga ƙarshe na ce ina da magana, amma ina roƙon ya bari in kai aya. Na faɗa masa komai. Tun ban gama ba ya miƙe tsaye.

"Ɗiyata? Hoto? Wallahi yau wayar nan a turmi zan daka ta. Boko kuwa ta gama, ta zauna gida uwarta ta gan ta."

Na ce, "Alhaji, zauna don Allah. In yaron rumfarka ya zo ya ce maka ƙwaro ya shiga buhun wake, marinshi kake yi?"

"Wane irin mari? Ai taimakona ya yi."

"In ka mare shi fa?"

Ya ce, "Gobe in ya gani sai ya juya buhun ya kalli bango."

Na ce, "To ɗiyarka ba ta juya buhu ba. Mutumin nan ba shi da wani makami sai tsoronka da take ji. Kai ne bulalar da ke hannunshi. In ka dake ta ka cire ta makaranta, ka yi mashi aikinshi kyauta, kuma ƙannenta suna kallo, ba wanda zai ƙara hwaɗa maka komai har abada. Ban ce kada ka yi mata hwaɗa ba. Abu guda nake roƙo, kalmar da za ta fara ji daga bakinka ta zama ta yabo."

Ya ce, "Yabo? Ta yi wannan wauta in yabe ta?"

"Ba wautar za ka yaba ba. Zuwan da ta yi."

Bai ce ya yarda ba. Ya dai rufe rumfa da wuri, muka taho tare har gidansa. A zaure ya sa aka kira ta. Ta fito ta durƙusa nesa da shi, Hajiya tana tsaye a bayan labule. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in abin ya ɓaci ni na jawo, ni na ce mata ta yarda a faɗa. Alhaji ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Na ga gumi yana bin wuyansa, kamar mai ɗaukar buhu.

Can ya ce, "Asma'u." Ta amsa da ƙyar. "Kin kyauta da kika hwaɗi. Allah ya yi maki albarka. Matso nan."

Ta rarrafo ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, shi kuma ya ɗora mata hannu yana kallon bango. Na tashi na fita waje na ba su wuri.

Faɗa ya zo washegari, an ce ya yi shi son ransa, amma a zaune, ba duka. Suka yi yarjejeniya waya za ta riƙa kwana a falo, kuma ba ƙawance da wanda ba a sani ido da ido ba. Takardun da na buga muka kai wa hukuma. Mutumin ya ƙara turo barazana, da ya ga ba amsa, ya kuma ji muryar Alhaji sau ɗaya a waya yana gaya masa ya riga ya ga hoton kuma ɗiyarsa ce, sai ya ɓace. Ban san ƙarshensa ba, ba zan ƙara muku gishiri ba. Ma'u dai ta koma makaranta ranar Litinin, da shekara ta zagayo kuma a nan teburin na yi mata rajistar jarrabawar fita.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya zo shagon da sukundireba a aljihu. Ya ce ƙararrawar nan yake so in sayar masa. Na ce ba ta sayarwa ba ce, amma ya kwance ya ɗauka kyauta. Ya durƙusa da babbar riga ya kwance ta da kansa, ya ce a jikin teburin falo zai kafe ta, inda wayoyin gidan ke kwana. Ramin ƙarshe ke nan da kuke gani.

Da muka haɗu a masallacin Juma'a bayan wani lokaci, na tambaye shi ko yara suna kaɗawa. Ya waiga ya ga ba mai jinmu, ya rage murya.

"Suna kaɗawa. Amma ka san wa ya fara? Ni. Saƙo ya shigo mani wai daga banki, in turo lambar katina ko a rufe asusuna. Har na fara rubutawa, sai na ce bari dai. Na kaɗa, ina jin kunya kamar in nutse. Ma'u ta fito ta karɓi wayar ta duba, ta ce 'yan damfara ne."

Na ce, "Sai ta yi maka dariya?"

Ya girgiza kai. "Ko kaɗan. Ba ta ma tambaye ni me ya kai ni ba. Cewa ta yi, Baba, ka kyauta da ka hwaɗi."